Kondensa ko dainamik, FL Studio ko Cubase: amsa ga mai son haɗa sitidiyo a ɗakinsa

Assalamu alaikum. Wani ƙaninmu ya kawo tambaya: yana rera waƙa, yana da laftof mai RAM gigabait 8 da wayar Android, yana so ya riƙa ɗaukar muryarsa da bidiyonsa a gida maimakon biyan kuɗin awa a sitidiyo. A manhajar ɗauka da haɗa sauti, wani ya ce masa FL Studio, wani ya ce Cubase, kowa kuma ya nace sai ya sayi makirufo kondensa. Kuɗin hannunsa ba za su ɗauki duka ba.

Ƙanena, da manhaja ka fara tambaya, amma ni da makirufo zan fara, domin a nan kuɗin mutane suka fi salwanta.

Kondensa, irin su Audio-Technica AT2020, kunnen zomo gare ta. Tana kama numfashinka da kaɗawar muryarka tas, shi ya sa ake ganinta a kowane sitidiyo. Sai dai ba ta zaɓe. Ranar da na fara haɗa tawa a ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, na ɗauki baiti huɗu na sa abin sauraro a kunne, sai ga janaretan maƙwabta, ga fanka, ga hon ɗin ɗan Adaidaita a bakin layi, muryar kuma tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Na yi makonni ina neman manhajar da za ta goge wannan, duk wadda na gwada sai ta cinye rabin daɗin muryar tare da hayaniyar. Ga kuma ƙura: lokacin hunturu ba a barin kondensa tsaye a buɗe, sai an mayar da ita jakarta bayan kowane aiki. Tana kuma buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin sauti, wato na'urar da ke haɗa makirufo da laftof, kafin ta yi magana.

Dainamik, irin su Shure SM58 da ake yi tun 1966, ita ce wadda kake gani a hannun mawaƙa a dandali da masu wa'azi a masallatai. Sai ka matso da baki kusa da ita sosai, wajen yatsu uku, kuma wannan kusancin ne ke sa muryarka ta danne ƙarar waje. Ba ta neman bolt 48, ba ta tsoron faɗuwa. Gaskiya ba ta da sheƙin kondensa a saman murya. Amma a gidan da ake da yara da awaki da injin nika a kusa, murya mai tsabta daga dainamik ta fi murya mai sheƙi haɗe da kasuwa. Idan ɗakinka na tsakiyar gari ne, dainamik nake ba ka shawara, ba tare da wata shakka ba.

Kada ka ɓata kuɗi wajen liƙa kwalin ƙwai a bango, ba ya tare sauti. Jingina katifa a bayanka, rataya bargo mai kauri a gefe, shimfiɗa darduma a ƙasa, ka kashe fanka na mintuna biyar ɗin da kake rerawa.

Sai yadda makirufon zai shiga laftof. Ko dai mai USB da ake cusawa kai tsaye, ko kuma mai igiyar XLR da ke bi ta akwatin sauti, wanda 'yan sitidiyo ke kira saun kad, kamar Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22. Na USB ya fi araha, amma ranar da ka so ƙara kalangu ko gurmi ko ɗan amshi, ka ci karo da bango. Akwatin sauti kuwa yana ba ka damar jin kanka nan take ba tare da jinkiri ba, ka kuma canza makirufo duk lokacin da hali ya yi. Akwai tsaka-tsaki: Samson Q2U dainamik ce mai kafar USB da ta XLR a jiki ɗaya, ka fara da USB yau, ka sayi akwatin baɗi. Wani abu da ba a cika faɗa ba: idan ka ji wani gunji siriri a ƙarƙashin muryarka alhali laftof na caji da wutar janareta, zare cajar ka ɗauka da batir.

Yanzu manhaja. FL Studio na kamfanin Image-Line ne na ƙasar Beljiyam, kuma asalinta ta haɗa kiɗa ce. Idan kai ne za ka ɗora ganguna da fiyano da kanka, da wuya ka sami wadda ta fi ta saurin shiga hannu. Ka saya sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta ne har abada. Amma lura da tarko biyu. Mafi arahar rukuninta, Fruity, ba ya ɗaukar murya daga makirufo, sai ka hau zuwa Producer. Ta gwaji kuma za ta bar ka ka adana aiki, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya.

Cubase ta kamfanin Steinberg ce na Hamburg a Jamus, tun 1989 take, kuma yanzu kamfanin yana hannun Yamaha. Ƙarfinta a ɗaukar murya yake: ka rera baiti sau biyar, ka tsinci mafi kyau daga kowanne, ka jera amshi layi-layi. Manyan rukunanta na da VariAudio na gyara karkatar murya sauti bayan sauti. Tun Cubase 12 a 2022 aka daina buƙatar ɗan makullin lasisi na USB da ake yawan yarwa. Koyonta ya fi cin lokaci, kuma ta fi nauyi a kan ƙaramar laftof. Idan ka sayi akwatin sauti irin UR22, ana haɗa maka da ƙaramin rukuninta, Cubase AI.

To amma kai mawaƙi ne, ba ka ce kana haɗa kiɗa ba. Idan mai kiɗa ne zai turo maka kiɗan ka ɗora murya, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun a yanzu. Wata manhajar ɗaukar sauti mai suna Reaper ta ishe ka. Saukar da ita ba ya cin data sosai, tana gudu lafiya a RAM 8, ana gwada ta cikakkiya kwana 60, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne, kuma tana da ReaTune na daidaita murya a ciki. Fuskarta ba ta da ado, za ka ɗan sha wuya makon farko. Na san ana yawo da kwafin sata na FL da Cubase a filasha. Ban da haƙƙin masu shi, na ga aikin wata guda ya tafi a dare ɗaya saboda ƙwayar cutar da ta shigo tare da irin wannan kwafi, kuma ba na so ya same ka.

Bidiyo ba sai mun ja ba. Wayarka ta isa. Sayi ƙafar ɗora waya, ka fuskanci taga ko ka fita inuwa da hantsi ko bayan la'asar, hasken ya fi na fitila mai araha. Manhajar tace bidiyo ta CapCut za ta yi maka aiki a waya. DaVinci Resolve ta fi ta nesa wajen gyaran launi, tana da rukuni kyauta, amma tana son RAM 16 da katin sarrafa hoto na kwamfuta mai ƙarfi, laftof ɗinka za ta riƙa sarƙewa. Ka saita ma'aunin ɗaukar sauti na manhajarka a kilohaz 48 tun daga farko, shi ne ma'aunin bidiyo. Ka gama waƙar tukuna, sannan ka kunna ta kana bin ta da baki a gaban kyamara. Idan kuma kai tsaye kake ɗauka, yi tafi ɗaya mai ƙarfi kafin ka fara, a kansa za ka daidaita hoto da sauti.

Da kuɗin a hannuna suke, dainamik mai kafar USB irin Q2U zan fara saya da abin sauraro mai rufe kunne ruf, don kada kiɗa ya tsiyaya cikin makirufo. Akwatin sauti ya biyo baya, Reaper a laftof, CapCut a waya. Ka ɗauki minti ɗaya na ɗakinka shiru da dare, da wani da rana, ka turo mana mu saurara. Idan ya zama ɗakin naka lafiyayye ne, sai mu sake maganar kondensa.