Sabuwar Giya a Tsohuwar Marsandi: Abin da Na Gani Bayan Wata Shida

Motar da na gada daga mahaifina Marsandi ce ƙirar 230E ta shekarar 1983, irin wadda kamfanin ke kira W123, mu kuma muke ce mata filat but. Injinta lafiya lau yake, amma giyarta ta asali, otomatik mai hawa huɗu, ta soma zamewa. Ko a lokacin da take da lafiya ma, da zarar an miƙe hanyar Zariya sai injin ya riƙa kuka kamar yana neman wata giyar da ba a yi masa ba. Wannan ne ya sa na kai ta wani gareji a Kano domin a sanya mata giya mai lamba 722.6, wadda Marsandi ta fara amfani da ita a tsakiyar shekarun 1990, kuma wadda muka samu ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa, an ciro ta daga wata Marsandi ƙirar W210 mai silinda huɗu.

Bambancin giyoyin biyu ba a yawan hawa kaɗai yake ba. Tsohuwar tana canja giya ne da matsin mai, da zuƙar iskar inji, da kuma wata waya da ke haɗe da totur. Sabuwar kuwa ba ta yin komai sai da umarnin ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa giyar, wadda a motarta ta asali take karɓar bayani daga inji da kuma tayoyi. Tun da filat but ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, idan aka ɗaura giyar haka kawai za ta maƙale a giya ta biyu. Saboda haka sai da na yi odar ƙwaƙwalwa mai zaman kanta ta OFGear daga ƙasar Denmak, wadda aka ƙera domin irin wannan aiki.

Aikin ƙarfe dai garejin ya yi shi da kyau ƙwarai. Kan giyar ya zauna a bayan injin, mai walda ya ƙera sabon ƙarfen da zai tallafe ta daga ƙasa, aka kuma daidaita tsawon farfela ba tare da ta kawo girgiza ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin a ɗora giyar, shugaban garejin ya juyo da ita ya nuna mini soket ɗinta mai ƙafa 13, ya ce, "Alhaji, ta nan mai ke bin waya har ya kai ƙwaƙwalwa, gara mu canja shi tun tana ƙasa." Haka ya canja tacen mai, ya kuma dage sai man giya mai lambar 236.14 za a zuba, aka auna shi da sandar awo ta musamman bayan ya yi zafi, domin wannan giya ba ta zuwa da sandarta.

Wajen wayarin ne aka wahalar da ni. Ƙwaƙwalwar tana buƙatar sanin yadda direba ya taka totur, don haka dole a maƙala wata ƙaramar na'ura a jikin totur ɗin, a kuma koya mata inda ƙafa ke farawa da inda take ƙarewa. Mai wayarin bai yi wannan saiti daidai ba, ranar da na karɓi motar kuwa, tun kafin in bar unguwar, shiga giya ta biyu ta zo da wani duka da sai da kofin shayin da ke hannun ɗana ya zube masa a riga. Sau uku ina mayar da motar, kuma sai da muka zauna tare da littafin na'urar muka bi shi layi bayan layi, muka rage matsin mai a ƙananan giyoyi, sannan canjin ya yi laushi. Ban ji daɗin yadda aka ce mini mako biyu aikin ya kai mako bakwai ba. Har ila yau ba a faɗa mini tun farko cewa maleji zai mutu ba, alhali dalilin a fili yake, tun da malejin W123 da waya mai juyawa yake aiki, sabuwar giyar kuma ba ta da wurin ɗaura ta. Yanzu da wayar hannu nake duba gudu kafin in samu na'urar da za ta juya shi.

A kan hanya kuwa, motar ta zama wata daban. Giya ta biyar tana rage juyin inji da kashi 17 cikin ɗari idan aka kwatanta da ta huɗu, domin ma'auninta 0.83 ne, ga kuma kulle da ke hana zamewa tsakanin inji da giya. A gudun kilomita 110, juyin da ke kusa da 3,500 a minti ya sauko ƙasa da 3,000, har muna hira da iyali daga Kano zuwa Kwanar Dangora ba mai ɗaga murya. Shan mai ya ragu a doguwar tafiya, amma a cikin gari ban ga wani canji ba.

Wanda motarsa ba ta wuce zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure, gyaran giyar asali ya fi masa sauƙi, kuma motar za ta ci gaba da zama yadda aka ƙera ta. Mai yawan tafiya kamata ne zai ci moriyar kuɗinsa, da sharaɗin ya ga mai wayarin ido da ido, ya tambaye shi ko ya taɓa saita irin wannan ƙwaƙwalwa, tun kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Tsohuwar giyar tana nan a ajiye a gida, na rufe ta da buhu.