MTR ta yi min aiki, amma sai da ta fara ba ni kunya

Wata uku kenan ina amfani da MTR, manhajar gano inda hanyar intanet ke samun matsala, a shagonmu na kwamfuta, bari in faɗi abin da na gani. Matsalar da ta kai ni gare ta irin mai sa mutum ya fara zargin aljanu ce, fitilun rauta, na'urar da ke raba intanet, duk kore shar, ka gwada gudun intanet ya nuna lafiya lau, amma da yaro ya zo loda fasfo da takardunsa a fotal sai abu ya maƙale a rabi, a Zoom kuma murya na yankewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Babu wani saƙon kuskure ko ɗaya, fakiti ne kawai, wato ƙananan ƙunshin bayanai da intanet ke aikawa, ke ɓacewa a hanya ba sallama.

Manhajar kyauta ce, kuma tsohuwa, tun 1997 Matt Kimball ya rubuta ta. Ping mai gwada ko saƙo na isa da traceroute mai nuna hanyar da ya bi ta haɗa wuri guda, tana ta aika fakiti tana ƙara musu TTL, wato iyakar rautocin da za su iya ratsawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace rauta a hanya ta amsa, sai ta jera maka su da kason da ya ɓace a gaban kowacce. Masu Windows akwai WinMTR.

To ranar farko na ga zango na biyar, wato rauta ta biyar a hanya, ya nuna asarar fiye da rabi, ai ko tsayawa ban yi ba na ɗauki hoton allo na kira kamfanin da ke ba mu sabis na dinga zazzaga masifa. Injiniyan ya bari na gama tsaf sannan ya ce, Malam duba layin ƙarshe mana. Sifiri. Ashe manyan rautoci da gangan suke rage amsa irin waɗannan tambayoyin gwaji da ake kira ICMP saboda suna da aikin da ya fi shi, in asarar ba ta bi layi har ƙasa ba to ba asara ba ce. Wallahi na ji kunya, kuma MTR ba za ta taɓa gaya maka wannan ba, lamba kawai take zubo maka.

Inda ta biya ni shi ne da na ba ta umarnin -s 1400 da -c 500, wato manyan fakiti har zagaye ɗari biyar. Ƙanana na wucewa sumul, manya kuwa tun daga zango na biyu suke zubewa har ƙarshe. Kenan ɓarawon a gida yake. Sai dai ita ba ta ganin kebul ko suwic, akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa, iyakarta ta ce tsakanin nan da nan ne, sai da na shiga suwic ɗin na tarar lissafin kuskuren CRC, wato fakitin da suka iso a lalace, na ta hawa a ramin da ke zuwa rediyon intanet na saman rufi. Na ɗora tsani na hau, kan kebul ɗin, wato RJ45, ya yi kore da tsatsa, ruwan damina ya shige shi. Na yanke na matsa sabo, shikenan.

Abin da bai yi min ba, hanyar tafiya kaɗai take nunawa, alhali sau da yawa ta wata hanyar amsa ke dawowa, sai ka samu wani a can ɓangaren ya gwado ka. Kuma ba ta ajiye tarihi, matsalar da ke zuwa ƙarfe biyun dare sai dai ka kafa SmokePing, wani shiri mai ajiye tarihin gwaji, ya kwana yana gadi. Na ba MTR huɗu cikin biyar. Injiniyan nan kuwa har yau in na kira sai ya tambaye ni ko na duba layin ƙarshe.