Wata shida da kamfanin da ya riƙe mana shafukan sada zumunta na kwalejinmu

Ni ne ke kula da harkokin ɗalibai a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta da ke Agege a Legas, inda akasarin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa ne mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibi ya yi rajista, ya halarci aji na 'yan makonni, daga nan a neme shi a rasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin motar haya ta danfo ya yi tashin gwauron zabi, wanda ke tasowa daga Ojo kuwa sai ya auna kuɗin mota da abin da zai samu idan ya wuni a shagon mahaifinsa, ya ga zaman shago ya fi. Wannan ne ya sa hukumar makaranta ta ɗauki wani kamfanin matasa da ke Yaba na tsawon wata shida, domin ya riƙe mana Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp.

Aikinsu na WhatsApp shi ne ya biya kuɗinsa. Kafin zuwansu zaure ɗaya muke da shi na makarantar baki ɗaya, inda jadawalin jarrabawa kan nutse a ƙarƙashin saƙonnin barka da Juma'a da tallar atamfa da turaren wuta. Suka buɗe mana tasha ta sanarwa zalla, irin wadda WhatsApp ya fito da ita a shekarar 2023, wadda masu bin ta ba sa iya rubutu a ciki kuma ba sa ganin lambobin juna, abin da ya kwantar da hankalin ɗalibai mata ƙwarai. Sannan kowane aji aka ware masa nasa zaure, da malami guda da wakilin aji a ciki.

Abin da ya fi burge ni kuwa ba ya cikin abubuwan da suka tallata mana tun farko. Duk ranar Litinin sukan karɓi sunayen waɗanda suka yi fashin aji a makon da ya gabata, wata ma'aikaciyarsu ta bi kowa da saƙo shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba, ta tambayi lafiya kafin ta tambayi dalili. Ta nan muka gano cewa da yawa ba karatun suka gaji da shi ba: wani ragowar kuɗin makaranta ne ya hana shi zuwa, kunya ta hana shi faɗa, wata an sa mata rana tana zaton aure ya rufe ƙofar karatu, wani kuma ya raka mahaifiyarsa jinya Kano. Waɗanda aka daidaita da su kan biyan kuɗi kaɗan-kaɗan sun dawo, kuma ina ganinsu a aji har yau.

Bidiyoyin TikTok da Instagram sun yi kyau a ido, ba zan hana su wannan yabo ba, amma ban ga wanda suka dawo da shi aji ba. Bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ɗalibinmu yana lallaɓa datarsa ne kamar ƙwai, ba zai ƙone ta a kan bidiyon harabar da yake shiga kullum ba. Rahoton da suke kawo mana a ƙarshen wata cike yake da adadin masu kallo da masu danna alamar so, alhali abin da muke biya dominsa yana cikin rajistar halartar aji.

Akwai kura-kurai uku da rashin sanin mutanenmu ya jawo. Sun wallafa sanarwar bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ba tare da sun lura cewa na ɗaliban makarantun gwamnati ba ne, sai da muka kwana biyu muna ba ɗalibai haƙuri. Sun sanya hirar kai-tsaye da ƙarfe biyu na ranar Juma'a, lokacin da rabin makaranta ke masallaci. Mafi muni shi ne hoton wata ɗaliba da suka ɗora ba da izininta ba, har mahaifinta, dattijo mai mutunci, ya tako ofishina ya tunatar da ni cewa amanar karatu ya ba mu, bai ba mu fuskarta ta talla ba. Sun sauke hoton nan take sun nemi afuwa, amma kamfanin da ke wannan sana'a bayan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 bai kamata a koya masa neman izini ba. Ita kuwa Hausar da suke fassarowa da na'ura don iyaye, gara ma a bar ta da Turancinta.

Da wa'adin ya cika mun sabunta yarjejeniyar a kan WhatsApp da bibiyar masu fashi kaɗai, kuɗin ya ragu sosai, muka kuma sa musu sharaɗin ɗaukar wata tsohuwar ɗalibarmu Bahaushiya da za ta riƙa aika wa iyaye saƙon murya. Duk makarantar da ke son ɗaukarsu, sai ta nemi a rubuta a takardar yarjejeniya cewa da rajistar aji za a auna aikinsu, kuma duk hoton ɗalibi sai ya biya ta ofishinta kafin a ɗora shi.