The Animals of Farthing Wood: katun ɗin dabbobi da ba a barin ƙaramin yaro ya kalla shi kaɗai

Wanda ya ga hoton dila da kwaɗo da mujiya a bangon faifan zai ɗauka irin katun ɗin nan ne da ake kunna wa yara su yi shiru. Ba haka ba ne. A shirin nan dabbobi na mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya tashi a kashi na gaba.

An nuna shi daga 1993 zuwa 1995, zango uku, kowane zango kashi 13, jimla 39. Kowane kashi kusan minti 25 ne, wato kimanin awa 16 gaba ɗaya. Ƙungiyar gidajen talabijin na Turai, EBU, ita ta sa aka yi shi, BBC ta nuna shi a Birtaniya, kamfanin Telemagination na Landan da La Fabrique na Faransa suka raba aikin zanen. Tushensa littattafan Colin Dann ne, na farkonsu ya fito a 1979.

Zango na farko shi ne ƙashin bayan shirin. Magina sun sare dajin Farthing Wood, sun cike kududdufin da dabbobi ke sha, sai kwaɗo ya kawo labarin wani gandun da aka hana farauta, White Deer Park. Kafin a kama hanya kowa ya yi rantsuwa ba zai ci ɗan uwan tafiyarsa ba. A nan daɗin yake: maciji da mujiya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɓeraye, yunwa na cinsu, rantsuwa na riƙe da su. Ba a mayar da dabbobin mutane ba. Ba riga, ba wando, kowa da irin tafiyarsa da irin tsoronsa, kuma wannan tsoron ne ke kashe wasu. Bushiya biyu, mata da miji, suna tsakiyar babbar hanya suka dunƙule kamar yadda bushiya ke yi idan ta firgita, mota ta bi ta kansu. Manomi ya harbe wasu tsuntsaye biyu, ɗaya bayan ɗaya. Wuri mafi tayar da hankali shi ne inda wani tsuntsu ya soke jariran ɓeraye a jikin ƙaya, aka kuma nuna su da jini.

Saboda haka babba ya riga yaro kallon zango na farko, musamman daga tsakiyarsa zuwa ƙarshe. Ɗan shekara takwas zuwa sama zai iya, in akwai wanda zai amsa masa tambaya. Ɗan shekara huɗu ko biyar a dakata masa. Kuma a bi kashi-kashi a jere, don labari ɗaya ne mai ci gaba. Wanda ya tsallake biyu zai nemi wasu dabbobin ya rasa.

Zango na biyu rikicin yanki ne da wani dila mai tabo a fuska, Scarface. An yi wa zuriyarsa launin shuɗi don yaro ya bambanta ɓangarorin biyu, dabara mai sauƙi da ta yi aiki. Labarin Bold, ɗan dilan da ke shugabantar dabbobin, wanda ya yi fushi da ubansa ya bar gida, ya fi komai nauyi a nan. Na uku kuwa ya yi sanyi: an ƙara barkwanci, zanen ya sauya, yaƙi da wani gungun manyan ɓeraye bai kai na baya tsanani ba.

Zanen kansa na zamaninsa ne. Dazuzzukan da ke baya suna da kyau, amma motsin dabbobi na yin tsauri, wani lokaci fuskar dabba ɗaya ta ɗan canza daga kashi zuwa kashi. Ihun Weasel, wata dabba mai kama da tunku, yana gundurar babba da wuri.

Game da faifai: kamfanin Network ya fitar da cikakken shirin a DVD a Birtaniya a 2016, kamfanin kuma ya rufe a 2023, don haka galibi na hannu za a samu. Faifan Birtaniya na yanki na 2 ne a rabon yankunan DVD, tsarin hoton talabijin na PAL, na'urar Amurka ba za ta karanta shi ba sai mai karɓar kowane yanki. Hoton 4:3 ne, wato irin na tsohon talabijin mara faɗi. A sabon talabijin mai faɗi a shiga saiti a mayar da shi 4:3, in ba haka ba allon zai miƙe hoton, dilan ya fito da ƙiba kamar alade.