Gilashin rage ƙyalli na waya: ya burge ni a rana, ya ba ni kunya a lungu

Na sayi wannan ɗan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya ne saboda wani takaici da na daɗe ina sha, domin duk bangon da na tarar da fenti mai ɗaukar ido, idan na ɗauke shi da rana sai ya fito fari-fari kamar an wanke shi. Aikinsa shi ne tace hasken da ke dawowa daga fenti, taga ko ruwa, kuma sai an riƙa murza zobensa a hankali har ƙyallin ya kwanta.

Bangon da na fara gwadawa shuɗi ne mai fentin mai, kuma da na murza zoben sai launin ya fito sosai, har ana ganin sawun buroshi da wata tsaga da ta gangaro daga taga. A nan na lura cewa ya fi aiki idan an tsaya a karkace, kusan digiri 35 da bangon, amma idan an fuskance shi kai tsaye bambancin kaɗan ne. Da an tambaye ni a lokacin, da na ce kowa ya saya.

Murnata ta ƙare ne a wani lungu, gaban wani tsohon ƙyaure kore wanda fentinsa ya ɓare har ja da rawaya suka leƙo daga ƙarƙashi, ga kwaɗo mai tsatsa yana lilo. Da na matsa kusa, sai wayar ta koma da kanta kan kyamarar mai faɗin gani, wadda take ɗaukar abin kusa da ita, alhali robar maƙalawar tana zaune daidai a kanta. Rabin hoton ya fito baƙi ƙirin. Na cire na sake maƙalawa, ya zame ya faɗi cikin ƙura, kuma kafin in gama goge shi inuwa ta riga ta cinye ƙyauren. Kwalinsa bai ce uffan ba game da wayoyi masu kyamara uku.

Ban da haka, gilashin yana tare aƙalla rabin haske, saboda haka sauran hotunan da na ɗauka a inuwar suka fito dishi-dishi. Yanzu a aljihu yake zama, ba na fito da shi sai ga babban bango a rana, kuma har yau ba ni da hoton kirki na wannan ƙyauren.