Akwatin Littafi Mai Tsarki da na saya wa Inna

Wata biyar ke nan da na kai wa mahaifiyata wannan ɗan akwati mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina a kansa. A wani kantin littattafan Kirista da ke Jos na saye shi. Bai fi tafin hannu ba, yana da fefen sola a bayansa, ba ya buƙatar intanet ko layin waya. Littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki duk suna ciki, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna.

Inna ba ta yi boko ba. A wani ƙauye take ta wajen Malumfashi, kuma sai da furfura ta fito mata aka yi mata baftisma. Tun daga nan habaici bai bar ta ba. A wajen biki ko suna, sai wata ta ce, "Ga 'yar mishan nan, ku ba ta kujera, ba ta zama a tabarma." Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne na ƙanwarta: wai ta ɗauki addinin Bature alhali ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa a littafinsa. Ba ta ramawa. Ta dawo gida ta ƙi cin tuwo, shi ke nan.

Ranar da na kai mata, na kunna mata littafin Nehemiya sura 4, wurin da Sanballat da Tobiya suke yi wa masu ginin garun Urushalima ba'a, har Tobiya yana cewa ko dila ya hau garun sai ya rushe. Tana tsinke zogale a faranti, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ce, "Kai ɗan nan, maimaita mini. Ashe su ma an yi musu?" Na maimaita har sau uku. Da muka kai sura 6 ta ji an gama garun cikin kwana 52, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Yanzu da asuba take shanya shi a kan dangar gida kamar barkono, da yamma ta rataye shi a wuya tana tuƙa tuwo. Matiyu 5 da 1 Bitrus 4, surorin da suka yi magana a kan waɗanda ake zagi saboda Almasihu, ta kusa haddace su. Na kuma gaya mata cewa tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin wani ɗan mishan, Likita Mila na Wusasa, da abokan aikinsa, wato littafin ya girme ta a Hausa nesa ba kusa ba. Wannan magana ta riƙe ta gam, kuma na ji labarin ta kai wa ƙanwar tata.

Akwatin dai yana da nasa laifi. Maɓallansa ƙanana ne, ga rubutun jikinsu da Turanci, sai da na ɗiga wa na kunnawa jan farce kafin ta gane shi. In aka ƙure murya, lasifikar takan yi ƙara kamar tsohuwar rediyo. A watan Agusta, da hadari ya yi kwana uku bai ɗaga ba, ya mutu murus, sai da aka kai shi wajen mai cajin waya a kasuwa. Mai karatun kuma Hausarsa ta mutanen Filato ce, yakan ce "kasa" a wurin "ƙasa", Inna tana gyara masa daga inda take zaune, kamar yana jin ta. Wannan ni bai dame ni ba, nishaɗi ma yake ba ni.

Gorin bai daina ba, kada wani ya saya da wannan zato. A sunan da aka yi kwanan baya an sake yi mata, ta dawo ta ci tuwonta har da ƙari. Mai niyyar saye ya sa a gwada masa Tsohon Alkawari tun a kanti, don akwai masu Sabon Alkawari kaɗai kuma kwalinsu kusan iri ɗaya ne. Ni zan koma Jos kafin Kirsimeti, mata biyu 'yan zumuntar matan coci sun riga sun ba ni sautu.