Naushad ko Shankar da Jaikishan: da wa mai neman tsofaffin waƙoƙin Indiya zai fara?

Ɗan'uwa, na ga tambayar da ka yi a zauren nan, inda ka ce kana so ka koma ga waƙoƙin fina-finan Indiya na da, kuma sunayen da suka fi yawan faɗo maka a kunne su ne Naushad da kuma Shankar da Jaikishan, amma ba ka san da wanne za ka fara ba, ba ka kuma san abin da ya raba su ba. Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin mu a nan mun saba jingina waƙa ga jarumin da ya motsa baki a fim, in mun matsa kaɗan mu ambaci mawaƙa irin su Rafi ko Lata, alhali akwai wani mutum a bayan fage wanda ya zauna da harmoniya ya ƙago karin waƙar, ya zaɓi muryar da za ta rera ta, ya kuma nuna wa kowane makaɗi inda zai shigo da inda zai yi shiru. Wannan shi ne mai tsara kiɗa, kuma waɗanda ka ambata suna cikin manyan da suka riƙe sana'ar a Bombay daga wajen 1945 zuwa 1970.

Bari in fara da asalinsu, domin a nan bambancin ya samo tushe. An haifi Naushad Ali a 1919 a Lucknow, birnin da ya shahara da adabin Urdu da ladabin fada, kuma mahaifinsa, wanda magatakarda ne a kotu, bai yarda ɗansa ya zama makaɗi ba. Ya bar gida zuwa Bombay a 1937, ya sha kwana a bakin titi kafin ya sami aiki ƙarƙashin masu tsara kiɗa irin su Khemchand Prakash, sannan ya yi fim ɗinsa na farko shi kaɗai a 1940. Fim ɗin Rattan na 1944 ne ya fito da sunansa. Su kuwa Shankar da Jaikishan mutum biyu ne da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Shankar, wanda aka haifa a 1922, ya tashi a Hyderabad yana kaɗa tabla, wato tagwayen gangunan Indiya, Jaikishan kuma, haihuwar 1929, mutumin Gujarat ne mai buga harmoniya. Sun yi aiki tare a rukunin wasan kwaikwayo na Prithviraj Kapoor, daga nan ɗansa Raj Kapoor ya ɗauke su suka tsara masa kiɗan Barsaat a 1949. Saboda haka ɗaya ya fito ne daga zauren malaman kiɗan gargajiya, biyun kuma daga dandamalin wasa, inda dole ka kama hankalin ɗan kallo tun kafin ya gyara zama.

Abin da Naushad ya tsaya a kai shi ne raga. Raga wani tsari ne na sautuka da aka ƙayyade hawansu da saukarsu, kowanne da yanayin da yake jawowa a zuciya da lokacin da ya fi dacewa a rera shi, kusan kamar yadda ma'abota sautin Larabawa suke rarrabe Bayati da Hijazi. Malamin kiɗan gargajiya yana iya shafe awa guda yana warware raga ɗaya, shi kuwa faifan garmaho na wancan zamani minti uku da 'yan kai kawai yake ɗauka a kowace fuska. Gwanintar Naushad ita ce ya matse wannan teku a cikin ƙoƙo ba tare da ya ɓata masa ɗanɗano ba. Fim ɗin Baiju Bawra na 1952 shi ne hujjar da kowa yake kafawa, kuma da shi ne ya karɓi kambun Filmfare, wato kyautar gwanayen fina-finan Hindi, na farko da aka taɓa bai wa mai tsara kiɗa, a 1954. Ka saurari "Man tarpat Hari darshan ko aaj" da kunnen basira, za ka ji yadda Muhammad Rafi ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana jan sauti a hankali, kafin kiɗa ya shigo ya tallafe shi. An gina ta a kan raga Malkauns mai sautuka biyar, kuma a ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa kunnen Bahaushe yake saurin karɓarta, tunda yawancin waƙoƙinmu na gargajiya su ma a kan sautuka biyar suke tafiya. Waƙar ta ibadar Hindu ce, kamar yadda labarin fim ɗin ya buƙata, amma wanda ya rubuta ta, Shakeel Badayuni, da wanda ya tsara ta da wanda ya rera ta duk Musulmi ne, ya kamata ka san haka kafin ka kunna. A cikin fim ɗin kuma akwai "O duniya ke rakhwale", wadda Rafi yake hawa da murya mataki-mataki har mai sauraro ya riƙe numfashi yana tsoron kada ta tsinke.

Shankar da Jaikishan ta wata ƙofar suke shigowa. Su tun a daƙiƙun farko suke cafke mutum, da akodiyon ko mandolin ko tarin goge na Turawa da suke tashi gaba ɗaya kamar guguwa, ta yadda kafin mawaƙi ya buɗe baki ka riga ka gane waƙar. Ka gwada "Awaara hoon" ta fim ɗin Awaara na 1951, wadda ta zagaya Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya a bakin mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hindi, ko "Mera joota hai Japani" da "Pyar hua ikrar hua" na Shree 420 na 1955. Kiɗan da suke sakawa tsakanin baiti da baiti shi kansa waƙa ne, mutum yana iya bin sa da fito. A nan ya kamata a ambaci Sebastian D'Souza, mutumin Goa da ya iya rubutun kiɗa irin na Turai, wanda ya daɗe yana rarraba musu aiki a tsakanin makaɗa, da kuma Dattaram mai kula da gangunansu. Su ma suna da ragar da suka fi ƙauna, wato Bhairavi, sun yi ta juya ta a fina-finai da dama, wani lokaci ta fito da fara'a, wani lokaci da kuka.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa Naushad na gargajiya ne, su kuma na zamani ne masu kwaikwayon Turawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kada ka riƙe ta da hannu biyu. Naushad ne ya tara makaɗa wajen ɗari a fim ɗin Aan tun 1952, kuma fiyano ne ginshiƙin waƙoƙin Andaz na 1949. A ɗaya ɓangaren, Shankar da Jaikishan sun yi Basant Bahar a 1956, fim ɗin da aka cika da ragogi, inda suka haɗa Manna Dey da babban malamin waƙar gargajiya Bhimsen Joshi a "Ketaki gulab juhi", sannan suka sake nuna wannan ƙwarewa a Amrapali a 1966. Bambancin da ni na fi ji ya shafi abin da kowannensu ya sa a gaba. Naushad murya da kalma yake yi wa hidima, makaɗa suna biye kamar 'yan rakiyar amarya, su kuwa biyun sun ɗauki makaɗa a matsayin abokan hirar mawaƙi, yana faɗa suna mayar masa.

Haka kuma sun bambanta a yawan aiki. Naushad mai jinkiri ne, yana iya shafe makonni a kan waƙa ɗaya, kuma duk da ya rayu har 2006, fina-finansa ba su kai 100 ba. Shankar da Jaikishan sun haura 150, domin sukan raba aiki, kowa ya tsara nasa waƙoƙin a fitar da su da suna ɗaya, Shankar ya fi aiki da marubuci Shailendra, Jaikishan kuma da Hasrat Jaipuri. Wannan yawan ya zo da kuɗinsa. A fina-finansu na ƙarshen shekarun 1960 za ka tarar da waƙoƙi masu hayaniya da maimaita tsohon salo, musamman bayan rasuwar Shailendra a 1966, kuma bayan Jaikishan ya rasu a 1971, Shankar ya ci gaba da amfani da sunan su biyu har zuwa tasa rasuwar a 1987 ba tare da tsohon armashin ya dawo ba. Naushad ma yana da nasa rauni, domin a wasu fina-finansa na baya-baya kiɗan ya yi nauyi, ya kasa tafiya da zamanin da ya riga ya sauya.

Ta fuskar kambu, Shankar da Jaikishan sun lashe Filmfare sau 9, Naushad sau 1 tak. A bikin 1961 fim ɗinsu Dil Apna Aur Preet Parai ne ya doke Mughal-e-Azam, kuma har yau wannan hukunci yana yi mini ciwo, duk da ina son "Ajeeb dastan hai yeh" da ke cikinsa. Mughal-e-Azam na 1960 shi ne ƙololuwar aikin Naushad. A ciki ya shawo kan Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, wanda ba ya yi wa fim waƙa, ya ara wa Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, muryarsa. A ciki Lata Mangeshkar ta rera "Pyar kiya to darna kya", ta kuma rera "Bekas pe karam kijiye", wadda kamun ƙafa ce da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga bakin baiwar da aka ɗaure da sarƙa a kurkuku. Duk wanda ya tashi yana jin bege a majalisi zai gane wannan waƙa tun kafin a fassara masa ita. Daga baya ƙasar Indiya ta bai wa Naushad lambar Dadasaheb Phalke ta 1981, wadda ita ce mafi girma a harkar fim a can.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da tarihi da mutanen nan ko da ba mu riƙe sunayensu ba. Tun da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, Mother India na 1957 yana cikin waɗanda aka fi maimaitawa shekara da shekaru, kuma kiɗansa na Naushad ne, wanda ya ɗebo shi daga waƙoƙin noma da na biki na ƙauyukan arewacin Indiya. Ina yaro ina zama a shagon ɗinkin kawuna a Fagge, yana da wani kaset da aka rubuta wa "Indiya tsofaffi" da biro, ba sunan fim ba sunan mawaƙi. Idan "Duniya mein hum aaye hain" ta Mother India ta zo, sai ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ya riƙe almakashi a hannu, ba ya komawa aiki sai ta ƙare. Bai san Naushad ba, amma ya san wahalar uwa mai jan garma da 'ya'yanta, kuma karin waƙar ya isar masa da saƙon. Sai da na girma na gane cewa kusan rabin kaset ɗin nan Shankar da Jaikishan ne, kuma su ne waƙoƙin da yaran shagon suke bi da fito suna guga.

Game da wanda za ka fara da shi, shawarata ita ce ka buɗe kunnenka da Shankar da Jaikishan, domin ba sa wahalar da baƙo. Ka ɗauki Awaara da Shree 420 da Chori Chori na 1956, inda za ka ji Mukesh da Manna Dey a bakin Raj Kapoor, sannan Junglee na 1961 domin ka ji yadda suka saki Rafi ya yi ihu a bakin Shammi Kapoor, ka rufe da Teesri Kasam na 1966, wanda a wurina ya fi duk aikinsu taushi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka koma Naushad, ka fara da Mother India da Gunga Jumna na 1961 masu ƙamshin ƙauye, sannan Mughal-e-Azam, ka bar Baiju Bawra a ƙarshe, lokacin da kunnenka ya saba da jan sauti. In kuwa ka tilasta mini in zaɓi ɗaya in ajiye ɗaya, Naushad zan riƙe, domin waƙoƙinsa ne nake komawa gare su bayan shekara talatin in ji wani abin da ban ji ba a da. Idan ka gama da su, S. D. Burman yana jiranka da Pyaasa na 1957 da Guide na 1965, haka ma Madan Mohan da waƙoƙin da ya tsara wa Lata.

Abu biyu nake roƙonka wajen sauraro. Ka riƙa jin waƙoƙin fim ɗaya gaba ɗaya a jere, kada ka dogara da tarin da aka tsinto daga nan da can, domin mutanen nan labari suke bi, waƙar farkon fim tana da alaƙa da ta ƙarshensa. Sannan idan kana nema a YouTube, ka guji duk wadda aka rubuta wa "Jhankar", domin wannan wani bugun inji ne da kamfanonin kaset suka riƙa ɗorawa a kan tsofaffin waƙoƙi a shekarun 1980 da 1990, yana danne tabla yana binne sarewa. Ka nemi ainihin ɗaukar farko, ko da tana da 'yar ƙarar faifai, ka sa abin ji a kunne, ka fara da "Ghar aaya mera pardesi" ta Awaara a daren yau.